Ɗakin Karatu na Jama'a: Zauren da Ba a Korar Kowa

Mene ne ɗakin karatu na jama'a?

Ɗakin karatu na jama'a wuri ne da ake tara littattafai, jaridu da sauran kayan neman sani, domin kowa ya zo ya karanta a nan, ko ya ara ya tafi da su gida. A Najeriya ana ce masa laburare, masu jin Faransanci kuma suna ce masa bibiliyotek. Wani gwamnati ce ke riƙe da shi, wani ƙaramar hukuma, wani kuwa mutanen gari ne da kansu. Abin da ya bambanta shi da sauran wuraren ajiye littattafai shi ne ƙofarsa. Ba a tambayar mai shiga takardar makaranta, ba a tambayar addininsa ko yarensa, ba a kuma duban tufafin da ke jikinsa.

Don me zancen ya shafe mu?

Ƙididdigar shekarar 2022 ta nuna cewa a Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 40 cikin 100 ba, kuma mata sun fi yawa cikin waɗanda ba su iya ba. Saboda haka duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci har ya fita da karatu, namiji ko mace, ya samo dukiya mai tsada. Sai dai dukiya ce mai gudu.

Ajin manya yakan yi ƴan watanni ne da rani. Da damina ta faɗi kowa ya koma gona. Wanda ya bar aji yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar, in ya shekara bai ɗora ido bisa takarda ba, sai ya tarar karatun ya zube. Malaman yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Karatu kamar turba ne a daji: in an daina bi, ciyawa ta rufe ta.

Ɗakin karatu shi ne wurin da ake ci gaba da bin turbar bayan an rufe aji. Amma ba zai yi wannan aiki ba sai in sabon mai karatu yana iya shiga ya zauna ba tare da faɗuwar gaba ba. Ɗaki cike da littattafai wanda talaka ke tsoron taka ƙofarsa, rumbu ne da aka liƙe bakinsa.

Wuraren ajiye littattafai iri huɗu ne

Ƙasarmu ba baƙuwar littafi ba ce. Tun ɗaruruwan shekaru malaman Agadas, Damagaram, Katsina da Tambutu suke ajiye littattafan Larabci da na ajami cikin gafaka da adaka, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. Wannan shi ne iri na farko. Mallakar mutum ɗaya ne, sai almajiransa da waɗanda ya amince da su.

Na biyu shi ne na makaranta ko na jami'a, wanda aka tanada domin ɗalibai da malamansu.

Na uku shi ne na adana tarihi da bincike. Misalinsa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda aka ajiye dubban tsofaffin littattafan rubutun hannu, waɗanda marigayi Bubu Hama ya soma tarawa. Irin waɗannan ba a aronsu, domin in ɗaya ya ɓace babu madadinsa.

Na huɗu shi ne na jama'a, wanda muke magana a kansa. Littattafansa an saye su ne domin su yi yawo hannu zuwa hannu har su tsufa.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1850 majalisar dokokin Ingila ta yi doka wadda ta ba manyan garuruwa izinin cire wani abu daga harajin gari domin buɗe ɗakunan karatu na kyauta. Birnin Mancesta ya buɗe nasa a 1852. Daga baya wani attajirin ƙarfe a Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da kuɗin gina fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929. Ya kafa sharaɗi guda mai nauyi: garin da aka gina wa shi zai ɗauki nauyin tafiyar da ɗakin kowace shekara.

Waɗannan ɗakuna na farko, ko da yake kyauta ne, suna da kwarjini. A yawancinsu littattafai suna can bayan kanta. Mai so sai ya nemo sunan littafi cikin wani dogon jeri, ya rubuta a takarda, ma'aikaci ya shiga ya ɗauko masa. Wanda bai ƙware da karatu ba, ka ga ba shi da ta yi. Sannu a hankali aka buɗe kantoci, aka bar mutane suna zagayawa suna taɓa littafi da hannunsu kafin su zaɓa.

A shekarar 1949 hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa game da ɗakunan karatu na jama'a. An sabunta ta a 1994 tare da IFLA, wato tarayyar ƙungiyoyin ɗakunan karatu ta duniya, aka sake sabunta ta a 2022. Jigon sanarwar shi ne a yi wa kowa hidima daidai, yaro da babba, mace da namiji, ɗan gari da baƙo, mai lafiya da naƙasasshe. Ta kuma nuna cewa asalin hidimar kyauta ce, nauyinta yana wuyan hukumomin ƙasa da na gari.

Sabon salo: misalai daga nesa

Cikin shekarun baya-bayan nan garuruwa da yawa sun lura cewa jera littattafai kaɗai ba ya kawo mutane. Sai suka soma tambayar jama'a abin da suke buƙata, suka gina ɗakunan karatu bisa amsar da aka ba su.

A Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, an buɗe ɗakin karatu mai suna Oodi ranar 5 ga Disamba 2018, ana gobe bikin ƴancin ƙasar. Yana fuskantar majalisar dokoki. Kafin a gina shi an tattara shawarwarin mutanen birni, har sunansa ma daga cikin waɗanda jama'a suka aiko aka zaɓa. Hawa uku gare shi. A ƙasa akwai zauren taro, sinima da wurin shan shayi. A tsakiya akwai kekunan ɗinki, kwamfutoci, ɗakunan naɗar waƙa da ƙananan ɗakunan taro, waɗanda mutum ke kama lokaci ya yi aiki da su. Littattafai, kimanin 100,000, suna hawan sama tare da wurin wasan yara. A 2019 IFLA ta zaɓe shi gwarzon ɗakin karatu na jama'a na shekara.

A birnin Orhus na ƙasar Denmak akwai Dokk1, wanda aka buɗe a 2015. A ginin ne kuma ƴan gari ke zuwa neman fasfo da wasu takardun hukuma, don haka har wanda bai yi niyyar karatu ba yakan bi ta tsakiyar littattafai. An rataye wata babbar ƙararrawa a ciki. In an yi haihuwa a babban asibitin birnin, iyaye suna iya danna maɓalli daga can, ƙararrawar ta buga, masu karatu su san gari ya yi sabon baƙo.

Kada a ce wannan sai ƙasashe masu arziki. Birnin Medelin na ƙasar Kolombiya ya yi ƙaurin suna wajen kashe-kashen masu fataucin miyagun ƙwayoyi a shekarun 1980 da 1990. Zamanin magajin gari Sergio Fajardo, daga 2004 zuwa 2007, hukumar birnin ta soma gina manyan ɗakunan karatu masu lambu da filin wasa, ta kuma kai su unguwannin matalauta da ke bisa tsaunuka. A cikinsu akwai zauren taro, ɗakin kwamfuta da wurin yara. Manufar ita ce talaka ya ga gini mafi kyau a unguwarsa nasa ne.

A ƙasar Kenya kuwa, a shekarar 1996, hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa ta soma ɗora akwatunan littattafai bisa raƙuma daga garin Garisa, ana kai wa makiyaya har mashekarinsu. In an isa sai a kafa tanti, a shimfiɗa tabarmi, a baje littattafai.

Misali daga gida: Dandaji

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga irin wannan aiki. Dandaji ƙauyen Hausawa ne a jahar Tawa, mai mutum kimanin 3,000, yawancinsu yara da matasa. Makarantar sakandarensa tana karɓar ɗalibai daga ƙauyukan kewaye. Garin yana da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, irin ginin masallacin Yama, wanda ya jawo wa magininsa Alhaji Falke Barmu lambar yabo ta Aga Khan a shekarar 1986. Da tafiya ta yi tafiya masallacin Dandaji ya yi wa jama'a kaɗan, ruwan sama kuma ya ci jikinsa. Aka yanke shawarar gina sabo.

Aikin ya faɗo hannun mata biyu masu zanen gine-gine: Mariam Isufu Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran. Maimakon a rushe tsohon ginin, suka kawo shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 kusa da shi, cikin fili guda. An kammala a shekarar 2018. Sunan wurin Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda a zamanin halifofin Abbasiyawa, Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun, aka tara littattafai, aka fassara ilimin lissafi, taurari da magani zuwa Larabci.

Akwai darussa da dama cikin yadda aka yi wannan aiki.

Na farko, an sa ɗakin karatu bisa hanyar da mutane suka riga suka saba bi. Sau biyar a yini jama'a na zuwa salla, kuma ga ƙofar littattafai nan gabansu. Ginin ma ba baƙo ba ne. Dattijon da ya yi shekaru yana salla cikinsa ba zai ji tsoron shigarsa ba don an jera littattafai.

Na biyu, an yi aiki da hannun ƴan gida. An gayyato maginan da suka yi ginin farko suka shiga aikin gyaran, suka kuma koyi sababbin dubarun kare bangon ƙasa daga zaizaya. Sabon masallacin an gina shi da tubalin jar ƙasa ta wurin, wanda ake matsewa da inji. Katangar ƙasa mai kauri da kafofin iska suna sanyaya ɗaki ba tare da na'ura ba, abin da ke da muhimmanci a inda zafin bazara ke wuce awo 40.

Na uku, an tanadi wuri domin kowane irin mai zuwa. Cikin tsohon ginin an sa kantoci da ɗan bene na ƙarfe da katako, an ware lungunan da mutum ɗaya zai natsu da inda ƙungiya za ta zauna. An ƙara azuzuwa domin karatun manya, koyon lissafi da zaman ƙungiyoyin mata. A fili an dasa itatuwa, aka yi tafkin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina domin ban ruwa.

Aikin ya sami lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018. Amma abin da ya fi lambobin amfani gare mu shi ne hujjar da ya kafa: da ƙasar gari, da maginan gari, da ginin da ake shirin rushewa, ƙauye na iya mallakar ɗakin karatu na a zo a gani.

Sauran ƙoƙarin da aka yi a ƙasarmu

A shekarar 1986 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta soma shirin CLAC, wato cibiyoyin karatu da raya al'adu domin garuruwan karkara. An buɗe sama da 300 a ƙasashe daban-daban, har da Nijar. Tsarinsu shi ne gari ya ba da gini da masu kula, a kawo littattafai, jaridu, kayan wasa da na kallo. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Maris na 2025. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ma, shekaru da dama baya, ta riƙa buga jaridun karkara cikin harsunan gida, tana kuma ajiye akwatunan littattafai a ƙauyukan da aka yi aji.

Babban giɓin da aka daɗe ana fama da shi shi ne harshe. Mafi yawan littattafan da ke ɗakunan karatun birane da Faransanci suke, alhali ɗalibin yaƙi da jahilci da harshen uwa ya koya. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Wannan ƙarin hujja ce ga mai karatu ya nemi littafin Hausa a kowane ɗakin karatu, haka ma na Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci inda ake jin su.

Alamomin ɗakin karatu mai karɓar baƙi

Ga abubuwa bakwai da za ku duba, ko a ɗakin da kuke da shi, ko a wanda kuke shirin kafawa.

1. Mai tarba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai kula da ɗaki shi ne rabin ɗakin. Aikinsa ya amsa sallama, ya tambayi baƙo abin da yake so, ya kai shi gaban kanta. In ya ga mutum yana bin layi da yatsa yana motsa baki, ya bar shi ya yi abinsa.

2. Harshe. A rubuta sunan ɗakin da lokutan buɗewa da Hausa, da manyan baƙaƙe. Littattafan harshen gida su kasance kusa da ƙofa, daidai ido. Inda jama'a suka fi sanin ajami, a nemo na ajami.

3. Lokaci. Ɗakin da ke buɗewa da hantsi ya rufe da azahar, na ma'aikata ne kawai, su ma suna wurin aiki. Manomi da ɗan kasuwa bayan la'asar ko bayan isha'i suke da sarari. Lokutan damina su bambanta da na rani, kuma ranar kasuwa a buɗe domin mutanen ƙauyuka.

4. Mata da yara. Mace mai goyo kada a ce ta bar ɗanta a waje. A shimfiɗa tabarmar yara a gefe guda. Inda mata ba sa sakewa cikin maza, a ware musu yini ko sa'o'i nasu, da mace mai kula. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka soma a Nijar a 1991, suna iya yin zamansu na mako a nan, sakatariya ta cika littafin zubi, sauran su duba abin da ta rubuta.

5. Jin daɗin zama. Inuwa, randar ruwa, makewayi mai tsabta, tabarma ga mai son ƙasa, benci ga mai son kujera. Ƙofa ta zama mai faɗi, ba dakali mai tsawo, domin gurgu da tsoho. In akwai farantin hasken rana, a sami fitila da dare da wurin cajin salula. Da yawa sukan zo don caji su koma da littafi.

6. Kuɗi. Zama a karanta a wurin ya zama kyauta. In za a karɓi wani abu domin katin aro, ya kasance kaɗan, sau ɗaya a shekara, kuma a rubuta shi a fili kowa ya gani. Tara mai tsanani kan jinkirin mayar da littafi takan sa mutum ya ɓuya da littafin gaba ɗaya.

7. Shiru da magana. Sabon mai karatu da ƙarfi yake karantawa, kuma yana son wanda zai gyara masa. Don haka a raba wuri biyu: ciki domin masu son natsuwa, rumfa ko gindin itace domin karatu a bayyane, tatsuniya, sauraron rediyo tare da muhawara.

Ranar farko: me za ku yi?

Ku yi sallama ku shiga kamar yadda kuke shiga zauren maƙwabci. Ku gaya wa mai kula cewa ajin manya kuka yi, kuna son littafi mai manyan baƙaƙe. Babu abin kunya a nan, gemu ba ya hana ilimi.

Ku zaɓi abin da ya shafi rayuwarku: kiwon awaki, adana wake, ciwon yara, lissafin ciniki, tarihin garinku, ko labari mai daɗi. Ku buɗe shafi ɗaya ku gwada. In kalmomin da suka gagare ku sun fi yatsun hannu ɗaya, ku ajiye ku ɗauki wanda ya fi sauƙi, wancan yana nan yana jiranku. In kun fara littafi bai yi muku daɗi ba, ba dole ku ƙare shi ba.

In kuna son aro, za a rubuta sunanku da unguwarku cikin rajista, a gaya muku ranar mayarwa. Yawanci mako ɗaya ne ko biyu. In ba ku gama ba, ku zo da shi a sabunta muku. Ku kuma zo da takardun da ke damunku a gida: takardar magani, katin rigakafin yaro, rasit, saƙon salula. Karanta su tare da mai kula ko wani ɗan uwa darasi ne cikakke.

Ku sa wa kanku ƙa'ida ko da shafi ɗaya ne a yini. Wanda ya karanta wa ƴaƴansa da dare ya ribanya ribar, shi ya ƙara ƙwarewa, su kuma sun tashi da sanin cewa littafi kayan gidansu ne.

In garinku babu fa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba sai an jira babban gini ba. Ga matakan da aji ɗaya na manya zai iya bi.

A kafa kwamiti na mutum biyar ko bakwai, maza da mata, da shugaba, ma'aji da mai kula. A sanar da mai gari da liman tun farko, domin abin da suka sa wa albarka ba ya rasa masu zuwa.

A nemi wuri a tsakiyar jama'a, kusa da kasuwa, masallaci, famfo ko gidan likita. Zaure ko rumfar aji sun isa a fara.

A sayi adakar ƙarfe mai makulli da kaye guda na rajista. A rajistar a ja layi huɗu: sunan littafi, sunan mai aro, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Kowane littafi a ba shi lamba.

A tara abin karantawa. Littattafai 30 ko 50 sun isa mafari. A tambayi ofishin yaƙi da jahilci, ma'aikatan gona da na lafiya, da ƙungiyoyin da ke aiki a yankin. Ƴan ci-rani masu dawowa daga Kano, Katsina ko Sakkwato suna iya riƙo littattafan Hausa tsaraba. Ƙauyuka uku ko huɗu su riƙa musayar adaka kowane wata uku, sai kowa ya ga sababbi ba tare da an sayi ko ɗaya ba.

Ku rubuta naku. Tarihin kafuwar gari daga bakin tsofaffi, sunayen itatuwa da amfaninsu, farashin hatsi na kowace kasuwa, karin magana, duk ana iya rubuta su cikin kaye a ajiye a adaka. Mutum yakan yi ɗokin karanta abin da ya ambaci garinsu.

A kai zancen gaban hukumar gari, a nemi a sa ɗakin cikin kasafin kuɗin shekara, ko da ɗan alheri ne ga mai kula. Ɗakunan karatu da yawa ba rashin littafi ke kashe su ba. Ranar da mai tallafi ya tafi, in babu wanda zai buɗe ƙofa, sai gara ta gaje su. Sharaɗin da Carnegie ya kafa tun fiye da shekara ɗari yana nan da amfaninsa.

Maƙiyan littafi

Gara ce ta farko. Kada a ajiye littafi a ƙasa ko a jingine shi da bangon ƙasa. A ɗora adaka bisa duwatsu ko tubalin siminti, a riƙa duba ƙarƙashinta kowane mako. Na biyu ruwa: a gyara rufi da indararo kafin damina, mai aro kuma ya sa littafi cikin leda. Na uku ƙurar hunturu, wadda ake kakkaɓewa da busasshen tsumma. Sai ɓera da kyankyaso, waɗanda abinci ke jawowa, don haka ba a cin abinci kusa da kanta. A wanke hannu kafin a buɗe littafi, kada a naɗe shi a cusa aljihu, a kuma sa tsinke ko guntun takarda inda aka tsaya maimakon lanƙwasa shafi. Duk da haka, littafin da ya tsufa saboda yawan hannu ya biya kuɗinsa.

Kammalawa

Ba a auna ɗakin karatu na jama'a da tsawon bangonsa ko yawan kantocinsa. A tsaya bakin ƙofa da la'asar a ga masu shiga. In akwai tsohuwa da jikarta, da ɗan kasuwa da littafin bashinsa, da makiyayi da ya ɗaure dabbarsa a waje, to ɗakin ya amsa sunansa.

Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar littafi ta duniya, 8 ga Satumba kuma ranar yaƙi da jahilci. Kowace daga cikinsu ta dace aji ya ɗunguma tare da malaminsa ya ziyarci ɗakin karatu mafi kusa, ko ya kira taron kafa nasa. Wanda ya riga ya san hanya, ya riƙe hannun wanda bai taɓa zuwa ba su tafi tare.